Yadda ake haɗa lissafin kwanakin da ka yi a wajen Ingila kafin neman zaman dindindin

Jama'a assalamu alaikum. Wannan bayanin na 'yan uwanmu ne da ke Ingila da bizar aiki, likitoci da nas-nas da masu kula da tsofaffi, da matan ko mazajen da suka bi su, sannan namu ne mu da muke nan Gombe, don in lokacin ya matso mu ake kira da daddare, dan Allah ka je asibiti ka karɓo min takarda kaza, dan Allah ka duba akwatin da ke ɗakin Hajiya ko tsohon fasfo ɗina na ciki.

Wanda ya cika shekara 5 da bizar Skilled Worker ko ta Health and Care yana iya neman zaman dindindin, ILR kenan, kuma a cikin fom ɗin akwai wurin da za a ce ka jero duk fitar da ka yi daga ƙasar, ranar fita, ranar dawowa, inda ka je da dalili. Mutane sun fi jin tsoron jarabawar Life in the UK, alhali ita tambaya 24 ce a minti 45, ka ci 18 ka wuce, in ka faɗi ka biya fam 50 ka sake zama. Lissafin kwanaki kuwa in ya karkace kuɗin neman ne gaba ɗaya ya tafi, a Afrilun 2025 aka kai shi fam 3,029 a kan kowane mutum ɗaya, mai mata da yara uku sai ya buga ya gani, kuma in sun ƙi ba sa mayar maka.

Ka fara gane dokar tukuna

Kar ka wuce kwana 180 a waje cikin kowane wata 12. To a nan wajen ne ake yawan faɗawa rami, don mutane sun ɗauka daga Janairu zuwa Disamba ake nufi, ko daga ranar biza zuwa zagayowarta. A'a. Tun 11 ga Janairun 2018 lissafin ya koma na kowane wata 12 da jami'in ya ga dama ya ɗauka. Ka ɗauka igiya ce mai tsawon wata 12 aka shimfiɗa a kan kalanda ana jan ta kwana ɗaya ɗaya daga farkon shekara biyar ɗin har ƙarshe, duk inda aka tsaya kwanakin wajen da ke ƙarƙashinta kar su haura 180.

Abu na biyu, cikakkun kwanaki kawai ake ƙirgawa. Ranar da ka bar ƙasar ba ta ciki, ranar da ka sauka ma ba ta ciki. Zuwa Scotland ko Wales ko Belfast ba fita ba ce, amma Dublin fita ce, ko da babu wanda ya buga maka komai a fasfo. Sannan dokar ba mai aikin kaɗai ta hau ba, matar da ke ƙarƙashin bizar mijinta, ko mijin da ke ƙarƙashin ta matarsa, kowa da nasa lissafin, kuma wallahi galibi na uwargida ne ke kawo matsala don ita ce ke daɗewa a gida. Wanda ke kan bizar aure da ɗan ƙasar, shi tsarinsa daban ne, wannan bayanin ba nasa ba ne.

A watan Mayun 2025 gwamnatin Birtaniya ta fitar da takardar manufa da ke shirin tsawaita jiran daga shekara 5 zuwa 10 ga mutane da yawa, don haka ranar da za ka nema ka buɗe gov.uk, shafin gwamnatin Birtaniya, ka karanta Appendix Continuous Residence, sashen dokar da ya yi bayanin wannan lissafin, da idonka, kar ka tsaya kan abin da wani ya faɗa a guruf ɗin WhatsApp. In jiran ya tsawaita ma ai jadawalinka ne zai ƙara tsawo, dalili kenan na farawa yau.

Mataki na farko: tattaro fasfo, sabo da tsoho

Fasfon Najeriya mai shafi 32 shekara 5 yake yi, kaga kusan duk wanda ya cika shekara biyar a can ya canja fasfo a tsakiyar lissafin, kuma rabin hatimansa na cikin tsohon. Idan ka sabunta ana soke tsohon a mayar maka, kar ka yar, kar ka bar wa yara su yi wasa da shi. In a Gombe ka baro shi, ƙaninka ya ɗauki hoton kowane shafi mai hatimi, a shimfiɗe, da rana, ba da tocilan waya ba, ya tura maka a matsayin fayil don kar WhatsApp ya matse hoton rubutun ya dusashe, sannan a nemi amintacce mai tafiya ko kamfanin aike a tura maka ainihin littafin. In kuwa ya ɓace ne, to ka nemo rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwar kotu da ka yi amfani da su wajen karɓar sabo, ka ajiye su, za su shiga bayaninka.

Amma ka sani, fasfo kaɗai ba ya isa. Birtaniya ba ta buga hatimin fita, kamfanonin jirage ne ke tura musu bayanan fasinja. Katin BRP ma, wato katin izinin zama, tun 31 ga Disamban 2024 wa'adinsa ya ƙare an koma eVisa, bizar da ke kan intanet. Kenan su suna da lissafinka a kwamfutarsu, kai kuma abin da ke hannunka galibi hatiman Abuja ne ko Kano ko Legas, kuma waɗannan ba su ne ranakun da ake tambayarka ba.

Mataki na biyu: jadawali

Ka buɗe Excel ko Google Sheets, in ba ka saba ba littafin makaranta da rula ma ya isa. Kowace tafiya layi ɗaya. A jere ka sa lamba, ranar barin Birtaniya, ranar sauka Birtaniya, ƙasa ko ƙasashe, dalili, cikakkun kwanaki, sai gida na ƙarshe na shaidar da kake da ita. Idan ranar fita na gidan B ranar dawowa na gidan C, a gidan kwanaki ka rubuta =C2-B2-1 shi zai yi maka lissafin. Ka dai lura da tsarin kwanan wata, wasu kwamfutocin sun zo da saitin Amurka mai sa wata a gaba, sai 3/6 ya koma 6 ga Maris ba ka sani ba, gara ka dinga rubuta sunan watan da haruffa.

Layi na farko da kowa ke mantawa shi ne tazarar da ke tsakanin ranar da bizarka ta fara aiki da ranar da ka fara taka ƙasar. In kana son shekara biyar ɗinka ta fara ƙirguwa daga ranar bizar, to kwanakin da ka yi a nan kana sallama da dangi, kana sayar da mota, kana jiran kuɗin tikiti, a matsayin kwanakin waje suke. Ka sa su.

Yanzu ga inda nake so a nutsu, maganar jirgin dare. A ce mutum ya tashi daga Heathrow daren 3 ga Yunin 2024, ya sauka Abuja da asubar 4 ga wata, hatimin Najeriya zai ce 4. Da zai koma ya bi ta Addis Ababa ko Doha ko Istanbul, ya bar Abuja ranar 5 ga Yuli, hatimi ya ce 5, amma sai safiyar 6 ga wata ya sauka Landan. Ranakun da za su shiga fom su ne 3 ga Yuni da 6 ga Yuli, cikakkun kwanaki 32. Wanda ya kwafi hatimi kai tsaye zai rubuta 4 da 5 ya samu 30. Kwana biyu sun ɓace a tafiya ɗaya, in ka yi haka sau takwas ko goma kaga abin ya taru, kuma ko bai kai ka haura 180 ba, ranakunka duka sun saɓa da abin da ke kwamfutarsu. Tikitin Abuja zuwa filin jirgin Gombe da ke Lawanti, ko motar da ka hau daga Kano ta Bauchi, waɗannan ba su shafi ranakun ba ko kaɗan.

Tafiya ɗaya ce tun daga fita har dawowa ko ƙasa nawa ka ratsa. Wanda ya zo gida ya bi alhazan jiha zuwa Saudiyya, ya dawo Gombe aka yi masa barka da sauka, sannan ya koma Ingila, layi ɗaya zai rubuta, ya sa Najeriya da Saudiyya a gidan ƙasashe. Hatimin Saudiyya kan zo da kwanan watan Hijira da lambobin Larabci, in za ka juya shi ka gwada da tikitin jirgi, don juyin da manhajoji ke yi yana iya saɓawa da kwana ɗaya.

Mataki na uku: kowace tafiya shaida biyu

Ƙwaƙwalwa ba ta da amana a wannan harka. Mutum zai rantse bikin ƙanwarsa a Kumo kafin azumi aka yi, a duba hoto a ga bayan sallah ne. Ni ra'ayina kar ka yarda da kowace rana sai abu biyu da ba su san juna ba sun faɗe ta.

Ka shiga imel ɗinka ka buga sunan kamfanin jirgi a wurin bincike, British Airways, Ethiopian, Qatar, Turkish, EgyptAir, Air Peace, duk wanda ka taɓa hawa, ka sauke tikitocin. In ejan ne ya yanka maka tikitin nan Gombe ko Kano ka duba hirarku ta WhatsApp, ko ka kira shi ya sake turowa. Sai dai tikiti niyyar tafiya yake nunawa, ba tafiyar ba. Mu kuwa mun iya ɗaga tafiya, Hajiya ta ce ka ƙara sati, ka ƙara, ko jirgi ya soke tashi, sai tikitin farko ya zauna a imel da tsohuwar rana. Katin shiga jirgi ya fi shi ƙarfi. Bayansa sai sitetmen ɗin banki, ka duba ranar ƙarshe da ka taɓa katinka a Ingila, wataƙila shayi ne a filin jirgi, da ranar farko bayan ka dawo, tikitin jirgin ƙasa ko tasi. Ta wannan ɓangaren kuma alat ɗin asusunka na Najeriya zai nuna ranar da ka fara cire kuɗi wajen mai POS a Tudun Wada ko Pantami. Hotunan waya suna ɗauke da kwanan wata, wanda ya kunna Timeline na Google Maps ma zai ga inda ya kwana kowace rana.

Ka buɗe folda ɗaya ga kowace tafiya, ka sa mata lamba irin ta jadawalin, 01, 02, 03, duk abin da ka samo ka jefa ciki. Ba wai duka za ka tura musu ba, amma in aka tambaya ba sai ka fara haƙa daga farko ba.

Mataki na huɗu: ka nemi abin da su suke da shi a kanka

Doka ta ba ka damar neman bayananka da ke hannun Home Office, ma'aikatar cikin gidan Birtaniya mai kula da biza, ana ce masa Subject Access Request, a gov.uk ake cikewa kuma kyauta ne, babu dalilin da za ka biya wani ya yi maka. A ciki kana iya neman tarihin shigarka da fitarka. Wata ɗaya doka ta ba su su amsa amma yana iya wucewa, don haka ka tura tun da sauran wata huɗu ko biyar, ba ana saura sati biyu ba. In ya zo ka jera shi gefen jadawalinka layi bayan layi. Wani lokaci za ka ga fita babu dawowa, ko tafiyar da ka soke ta bayyana, a irin wannan wurin ne foldarka za ta yi magana. In kuma ya fito maka da wata tafiyar kwana uku zuwa Faransa ko Dubai da ka manta gaba ɗaya, alhamdulillahi, gara kai ka gani kafin jami'in ya gani.

Mataki na biyar: jan igiyar

Ba sai ka gwada kowace rana ta shekara biyar ba. Ka ɗauki ranar farko ta kowace tafiya, ka miƙa wata 12 gaba, ka tara duk kwanakin wajen da suka faɗo ciki, har da guntun tafiyar da ƙarshen wata 12 ɗin ya yanke a tsakiya. Ka yi haka ga kowane layi, adadi mafi girma da ka samu shi ne hukuncinka.

Misali, a ce wata baiwar Allah ta haihu a can, aka ce ta zo gida wanka, haihuwar fari ce ba yadda za a yi. Ta bar Ingila 1 ga Satumban 2023, arba'in ta wuce, aka ce ta ƙara hutawa, ga bikin wance ya matso, sai 20 ga Disamba ta koma. Kwana 109. Shekara ta juyo, ta sake zuwa 1 ga Afrilun 2024 don ta ƙarasa azumi a gida, ta yi ƙaramar sallah, aka ce ai babbar ma ta kusa, ta koma 20 ga Yuni. Kwana 79. In ka duba shekara shekara lafiya lau, 109 a 2023, 79 a 2024, maigida ma zai ce ai ko kusa ba ta yi ba. Amma daga Satumban 2023 zuwa Agustan 2024 wata 12 ne, kuma a cikinsa ta yi 188. Ta haura da kwana 8, kuma waɗannan takwas ɗin suna iya karya mata lissafin shekarun da ta tara.

Akwai kuma tarkon da ya fi kama mu Musulmi. Shekarar Hijira ta gaza ta Bature da wajen kwana 11, kenan sallah zuwa sallah bai cika wata 12 na kalandarsu ba. Babbar sallah ta 2023 ranar 28 ga Yuni aka yi, ta 2024 ranar 16 ga Yuni, ta 2025 ranar 6 ga Yuni. Mai cewa ni sau ɗaya nake zuwa gida a shekara, da sallah, a lissafinsu wajen kwana 11 na tafiyarsa ta biyu kan faɗa cikin wata 12 ɗaya da ta farko. Ga mai zuwan sati uku ba komai, amma mai zaman da ya kusa wata shida sai ya yi hattara. Haka mai zuwa Umarar azumi duk shekara.

Ni shawarata in ka ga wani wuri ya kai 150 ka daina yanka tikiti sai ka sake lissafi, ka bar wa kanka rata don rasuwa ba ta sallama.

Mataki na shida: wasiƙar wurin aiki

Dama dole kamfanin ko asibitin da ya ɗauki nauyin bizarka ya rubuta cewa har yanzu yana buƙatarka kuma ga albashinka. Ka roƙe su su haɗa da jerin tafiye-tafiyenka, wanne ne hutun shekara, wanne ne aiki ya tura ka, wanne ne hutun haihuwa ko na rashin lafiya. Kar ka bar su su ƙirƙiro ranakun da kansu, ka ba su jadawalinka su gwada da nasu rijistar, masu aiki a NHS, hukumar lafiya ta ƙasar, akwai ESR, rijistar ma'aikatansu ta kwamfuta. Ka tuna ranakun hutu da ranakun tafiya ba lallai su zo daidai ba, hutunka na iya farawa Litinin alhali tun daren Juma'a ka tashi, ba laifi ba ne, wasiƙar dai ta nuna ranakun tafiyar sun faɗa cikin hutu da ranakun da ba ka da aiki. In ka canja wurin aiki a tsakiya ka nemi ta tsohon wurin tun da wuri, wasu ƙananan kamfanonin kula da tsofaffi rufewa suke yi ka rasa wanda zai sa maka hannu, a nan takardun albashi da P60, takardar jimillar albashi da haraji, na kowace shekara su ne madogararka.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, hutun da babu albashi in ya wuce sati 4 a shekara yana iya taɓa ita kanta bizar aikin, sai dai in na haihuwa ne ko rashin lafiya da makamantansu. Sabon ma'aikacin NHS kwana 27 yake da shi ban da ranakun hutun ƙasa, kaga wanda ya yi wata uku a Gombe dole a tambaya da wane irin hutu ya yi.

Mataki na bakwai: in ka haura 180, ko kana gab

Nan ne aikinmu na 'yan gida. Dokar ta yafe wasu kwanaki in an kawo hujja: rashin lafiya mai barazana ga rai, taka ko ta makusancinka, rasuwar makusanci, katsewar zirga-zirga saboda annoba ko yaƙi ko bala'i irin na ambaliya da girgizar ƙasa, da aikin agajin gaggawa. Biki ba ya ciki, suna ba ya ciki, aikin Hajji ba ya ciki, zuwa duba ginin da kake yi a bayan gari ma ba ya ciki.

Matsalarmu ita ce ba mu saba da takarda a lokacin baƙin ciki ba. Mutum ya rasu da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa, a yi zaman makoki a watse, babu wanda ya tuna da wata shaida, kuma ba laifin kowa ba ne, haka addini ya koyar a gaggauta. Amma jami'in da ke zaune a can bai san Baba ba, abin da ke gabansa kawai zai karanta. Saboda haka in an yi rashi kuma akwai ɗa ko 'ya a waje, bayan sadakar uku wani mai nutsuwa a gidan ya ɗauki nauyin wannan. In a asibiti aka rasu, Asibitin Koyarwa na Tarayya ne ko na Ƙwararru ko wani babban asibiti a Bajoga ko Kaltungo, a karɓi takardar likita mai nuna rana da sanadi, a kai ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a yi rijistar rasuwar a karɓi satifiket. In a gida ne a je hukumar a tambayi abin da suke buƙata, galibi da takardar rantsuwa daga kotu ake farawa. In jinya ce, rahoton likita a kan takardar asibiti mai tambarin asibitin, da ranar kwantarwa da ranar sallama da sunan cutar da tsananinta, da sa hannu da hatimi. Katin asibiti da rasit ɗin magani kar a zubar.

Sannan sai an nuna dangantakar. Takardar haihuwarka mai sunan mahaifi da mahaifiya ita ce gada. Mu kuma ga yadda sunayenmu suke, a fasfo Muhammad, a katin asibiti Mamman, wani wurin Moh'd, mahaifiya kuma kowa da laƙabi ya san ta har ma'aikacin asibiti ya rubuta haka. In sunaye sun saɓa a yi takardar rantsuwa a babbar kotu cewa mutum ɗaya ne. Duk takardar da ke da Hausa ko Larabci, ta mai unguwa ce ko ta kotun shari'a, sai an fassara ta zuwa Turanci, mai fassarar ya rubuta cewa fassarar daidai ce, ya sa sunansa da sa hannu da kwanan wata da inda za a same shi.

Matar da mijinta ya rasu ta zo gida takaba, wata huɗu da kwana goma wajen kwana 130 ne, shi kaɗai bai kai 180 ba amma abin da ya rage mata kaɗan ne, kuma in bizarta a ƙarƙashin tasa take matsayinta ma gaba ɗaya ya canja. Wannan kam ba na tambayar guruf ba ne, lauya za a nema da wuri.

Masu neman zaman dindindin ta hanyar zaman shekara 10 a ƙasar, waɗanda korona ta ritsa da su a gida, Najeriya ta rufe filayen jiragen ƙasa da ƙasa ranar 23 ga Maris 2020, sai 5 ga Satumba aka buɗe Abuja da Legas. A Disamban 2021 ma Birtaniya ta sa Najeriya a jan jerinta, na ƙasashen da ta taƙaita shigowa daga cikinsu, daga 6 ga wata zuwa 15. Imel ɗin soke jirgi da sabon tikitin da ka samu su ne hujjarka, don abin da ake son gani shi ne ka yi niyyar komawa hanya ce ta toshe.

Dan Allah kar wani ya ce zai haɗa maka takardar asibiti ta bayan fage, ko ya ce ka share tafiya ɗaya ai ba za su gani ba. Wanda ya haura kwana ya faɗi gaskiya, ana iya ƙin nemansa, kuɗin ya tafi, ya ƙara jira. Wanda aka kama da ƙarya kuwa an ƙi shi, kuma tabon zai bi shi har ranar da zai nemi zama ɗan ƙasa. In lamarinka ya cakuɗe ka je wurin lauyan da ke da rijista, ko mai ba da shawarar da ke ƙarƙashin Immigration Advice Authority, wadda a da ake kira OISC, ana iya duba sunansa a shafinsu kafin ka ba shi ko fam ɗaya.

Mataki na takwas: cike fom da turawa

Fom ɗin masu bizar aiki SET(O) ne, a intanet ake cikewa, kuma ba a nema sai ana saura kwana 28 ko ƙasa da haka shekara biyar ta cika, in ka yi gaggawa ka tura kafin nan za a iya ƙi. Ka kwafi ranakun daga jadawalin ɗaya bayan ɗaya, wani na karanto maka kana bugawa, in kun gama ku juya kai ka karanta shi ya duba. In tafiye-tafiyen sun fi guraben da fom ya bayar, ka mayar da jadawalin PDF ka ɗora shi cikin takardun shaida. Ka haɗa da gajeriyar wasiƙar bayani, shafi ɗaya ya isa, ka faɗi jimillar mafi girma da ka samu a wata 12, ka nuna inda hatimi ya saɓa da ranar fom saboda jirgin dare, in akwai kwanakin da kake neman a yafe ka faɗi lambar tafiyar da takardun da ke goyon bayanta. Ba wurin ba da labari mai ban tausayi ba ne, rana da dalili da shaida kawai.

Bayan ka tura kar ka fita. In ka bar yankin Birtaniya da Ireland da tsibiransu kafin a yanke hukunci ana ɗauka ka janye neman. Hukunci ta hanyar da aka saba yana iya kaiwa wata 6, akwai na gaggawa da ake ƙarin kuɗi. Saboda haka 'yan gida a sani, kar a sa ranar biki a wannan tsakanin a ce dole sai yaya ya zo, in kuma akwai tsoho mara lafiya a gida to kuɗin gaggawar nan ba asara ba ne.

In an samu, jadawalin bai gama aiki ba. Neman zama ɗan ƙasa nasa lissafin ya fi tsauri, kar a wuce kwana 450 a waje cikin shekara 5, kuma kar a wuce 90 a wata 12 na ƙarshe, sannan sai ya zama kana cikin ƙasar a daidai ranar da ta yi shekara biyar cif kafin ranar nemanka. Ita ILR ɗin ma in ka zauna a waje shekara 2 a jere ta faɗi. 'Yan uwan da ke Kanada su kwanakin zama a ciki ake ƙirga musu, 730 cikin shekara 5 don riƙe zaman dindindin, 1,095 don zama ɗan ƙasa. Na Amurka masu girin kad kuma tafiya ɗaya in ta wuce wata 6 tana jawo tambaya lokacin neman zama ɗan ƙasa, in ta kai shekara ta karya lissafin. Yadda ake ƙirga ranar fita da ta dawowa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka su gyara wancan =C2-B2-1 ɗin daidai da dokar inda suke, sauran gidajen jadawalin da foldojin shaidar kuwa duk ɗaya ne.